Zauren Tambaya: Wai da gaske 'yan Katolika da aiki suke neman sama?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru kan magana ɗaya, na zaɓi guda biyar, wasu na rage musu tsawo saboda fili, masu su su yi haƙuri.

Tambaya: Baba Malam ina gaisuwa, ya aiki ya iyali. Ni 'yar ECWA ce tun haihuwa, ina ma cikin kwaya. Akwai wanda yake nemana da aure ɗan Katolika ne, mutumin kirki sosai, amma babana ya ce sam, wai su ba su da ceto don sun dogara ga ayyukansu ne ba ga Yesu ba. Da na faɗa wa saurayin sai ya yi dariya ya ce ai mu ne muke koyar da cewa ka ba da gaskiya kawai ka je ka yi abin da ka ga dama. Kaina ya ɗaure, don Allah wa ke da gaskiya? Daga 'yarka a Kafanchan.

Amsa: 'Yata sannu, Allah ya ba ki kwanciyar rai. Bari in faɗa miki kai tsaye, babanki bai faɗi abin da Katolika ke koyarwa ba, shi ma saurayin naki bai faɗi abin da cocinku ke koyarwa ba, kowa ya ɗauko abin da ya ji ana faɗa a kan ɗan'uwansa ne ya riƙe. Amma kar ki ɗauka wai babu bambanci, akwai, sai dai ba a inda su biyun suke nunawa yake ba.

Mu fara da babanki tunda shi ne babba. Babban taron da Katolika suka yi don su amsa wa 'yan Furotesta shi ne na garin Tirent a arewacin Italiya, an fara 1545 ba a gama ba sai 1563, kuma a watan Janairu 1547 suka fitar da matsayarsu kan yadda Allah ke baratar da mutum, wato ya karɓe shi a matsayin mai adalci. Kin san hukunci na farko da suka rubuta? Cewa suka yi duk wanda ya ce mutum zai iya barata gaban Allah ta ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba, to ya fita daga koyarwar ikilisiya. Na farko fa, kafin ma su taɓa Martin Luta, Bajamushen da ya fara tafiyar Furotesta. Suka ƙara da cewa babu wani abu da mutum ya yi kafin a baratar da shi, ko bangaskiyar ce ko aikin, da ya isa ya sa ya cancanci wannan alherin. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu, tun shekara ta 418 aka yi taro a Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yau, aka ƙi koyarwar wani Felajiyus da ake cewa yana koyar da mutum zai iya gyara kansa da ƙoƙarinsa, wanda ya tsaya kai da fata a kansa kuwa shi ne Agustin bishop na Hifo, ɗan Afirka ne, garin nasa yanzu shi ne Annaba a Aljeriya. Abin dariyar ma shi ne wannan Agustin ɗin kowa na cewa nasa ne, Katolika na ji da shi, Luta kuma ɗan zuhudu ne a ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa, Kalbin ma, wani babban jagoran Furotesta, kusan ko'ina a rubutunsa sai ya ambace shi.

Sai saurayin naki. Martin Luta da ya kafe a kan bangaskiya kaɗai, shi da kansa ya rubuta a gabatarwarsa ta wasiƙar Romawa cewa ba a iya raba ayyuka da bangaskiya kamar yadda ba a iya raba zafi da haske daga wuta. Kalbin na Janeba kuma da yake mayar wa mutanen Tirent martani ya ce bangaskiya kaɗai ke baratarwa, amma bangaskiyar da ke baratarwa ba ta zama ita kaɗai. Ke ma kin sani ai, a cocinku in mutum ya yi abin kunya ana sa shi a horo a hana shi Jibin Ubangiji, wa ya taɓa ce miki ki je ki yi abin da kika ga dama.

To ina faɗan yake? Ga shi nan. Ɗan Furotesta yana kallon abin ne kamar kotu, ana binki bashin da ko an sayar da gidanku ba za ki iya biya ba, wani ya zo ya biya duka, alƙali ya buga guduma ya ce an sallame ki, shikenan, hukunci ne da aka yanke sau ɗaya daga waje, adalcin Almasihu aka lissafta miki, gyaran halinki kuma da zai biyo baya suna kiransa tsarkakewa kuma suna raba shi da hukuncin don kar wani ya ɗauka da shi aka saya. Shi ya sa Luta ke cewa mai bi mai adalci ne kuma mai zunubi a lokaci guda. Ɗan Katolika shi kuma asibiti yake gani, wanda aka kwaso rai a hannun Allah, ba shi ya kawo kansa ba, ba shi ya biya ba, amma likitan ba takardar sallama kawai zai rubuta ba, warkar da shi zai yi da gaske daga ciki, kuma mara lafiyan dole ya yarda ya sha maganin, yana iya ƙi, yana iya tsige ƙarin ruwan ya gudu. A wurinsu yafe zunubi da sabunta mutum abu ɗaya ne, yana farawa a baftisma, yana ƙaruwa ta sakramenti, wato ibadu masu tsarki irin su jibi da ikirari, da ayyukan ƙauna, kuma babban zunubi da aka yi da sani da gangan yana iya yanke shi har sai mutum ya tuba ya je ikirari gaban Fada, wato firist ɗinsu. Suna maganar lada, ƙwarai, amma suna bin Agustin da ya ce in Allah ya ba mu lada kyautarsa ce yake naɗa wa rawani.

Kowa kuma da ayoyinsa. Naku za su buɗe Afisawa 2:8-9, ta alheri aka cece ku ta wurin bangaskiya ba ta ayyuka ba don kada wani ya yi fahariya, da Romawa 3:28, da labarin Ibrahim a Romawa 4. Su kuma su buɗe Yakubu 2:24 inda ya ce ta ayyuka ake baratar da mutum ba ta bangaskiya kaɗai ba, da Matiyu 25 inda aka raba tumaki da awaki a kan wa ya ciyar da mayunwaci wa ya ziyarci ɗan kurkuku, da Galatiyawa 5:6, bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. Abin da ke ba ni haushi da masu gardamar nan shi ne tsayawa a tsakiyar magana, mai karanta Afisawa ya tsaya a aya ta 9 bai shiga ta 10 ba inda aka ce an halicce mu ne domin kyawawan ayyuka, mai karanta Filibiyawa 2:12 kuma, ku yi aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, sai ya rufe littafin kafin aya ta 13 da ta ce Allah ne ke aiki a cikinku.

Maganar auren kuwa, tunda na san ita ce ta hana ki barci. A dokar Katolika ba dole ne ki bar cocinku ba, shi ne zai nemi izinin bishop, kuma shi zai yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa yaran baftisma a rene su a Katolika, ke za a sanar da ke ne kawai, haka tsarin yake tun 1970. Baftismarki in da ruwa aka yi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki sun yarda da ita ba za su sake miki ba. Amma ki sani in kin bi shi Mas, wato sujadarsu, ba za ki karɓi jibi ba. Wannan maganar ta yara ita ce za ku zauna ku ƙare ta tun kafin a kai sadaki, ba bayan an haifi na fari ba kakanni biyu suna jan zani. Kuma kar ki je ki tsaya gaban babanki da tarihin Tirent kina masa lacca, ki samu wani dattijo da yake jin maganarsa, kawu ko fastonku, su zauna.

Tambaya: Malam, ni ɗan Katolika ne. Abokina ya tare ni a wurin aiki ya ce wai in na mutu yau na tabbata zan shiga sama? Na ce ina sa zuciya ga jinƙan Allah, ya ce to ban sami ceto ba ke nan. Haka ne? Daga ɗan'uwanka a Shendam.

Amsa: Ɗan'uwa ka amsa daidai da koyarwar cocinku. Taron Tirent ya ce ba wanda zai iya sani da cikakken tabbaci cewa zai jure har ƙarshe sai in Allah ya bayyana masa ta musamman, ba don ana shakkar Allah ba, kanka ne ba ka gama sani ba. Abokin naka kuma daga Yahaya 10:28-29 yake magana, ba mai ƙwace su daga hannuna, da 1 Yahaya 5:13. Amma ka tambaye shi wace coci yake zuwa, domin su kansu 'yan Furotesta bakinsu bai zo ɗaya ba a nan, kuma tsohon faɗa ne, har taro aka yi a kansa a garin Dort na ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619 tsakanin mabiya Kalbin da mabiya Arminiyus. Masu bin Kalbin da Baptis da yawa suna cewa wanda aka cece shi da gaske ba ya ɓata, in ka ga ya koma to dama can bai shiga ba. Metodis masu bin Wesli da yawancin 'yan Fentikos suna cewa a'a mutum na iya ja da baya ya rasa, suna kawo Ibraniyawa 6. Luteran, masu bin Luta, su ma sun yarda ana iya faɗuwa. Kaga a wannan tambayar ɗan Metodis ya fi kusa da kai fiye da yadda yake kusa da ɗan Baptis, sai dai ba ya son a faɗa.

Ni dai a ganina tare mutum a bakin aiki a yanke masa hukunci daga jimla ɗaya ba wa'azi ba ne, rashin ta-ido ne.

Tambaya: Baba, gaskiya ne 'yan Katolika suna biyan kuɗi a fitar da mamatansu daga wuta? Daga wata uwa a Biliri.

Amsa: Mama, daga wuta kam a'a, su ma sun ce wanda ya shiga jahannama ya shiga ke nan ba kuɗi ba addu'a. Abin da suke da shi shi ne furgatori, wato tsarkakewar wanda ya riga ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa, sama zai je babu makawa, shi ake yi wa addu'a da Mas. Suna kafa hujja da 2 Makabi sura 12 da kuma 1 Korintiyawa 3:15. To shi Makabin nan yana cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika mai littattafai 73, babu shi a na Furotesta mai 66, kinga tun daga nan an rabu. Furotesta suna cewa jinin Yesu ya gama wankewa babu sauran wani wanki, su nuna ɓarawon nan na kan gicciye a Luka 23:43 da aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi.

Amma maganar kuɗin ba daga iska ta faɗo ba, tana da tushe, ita ce ma ta kunna wutar. A 1517 wani mai wa'azi Yohan Tetzel yana yawo a Jamus yana sayar da takardun sassaucin horo, wato rage horon da ya rage a kan zunubin da aka riga aka yafe, wani kaso na kuɗin yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma, talakawa suna saye har don iyayensu da suka mutu. Shi ne Luta, malamin jami'a a Witenbag, ya rubuta batutuwa 95 a ƙarshen Oktoba na shekarar yana ƙalubalantar abin, magana ta yi tsawo har Fafaroma Liyo na 10 ya kore shi daga ikilisiya a farkon 1521. Daga baya Katolika da kansu sun yarda an yi ɓarna, Tirent ya yi tir da cinikin, a 1567 kuma Fafaroma Fiyus na 5 ya haramta haɗa sassaucin da kuɗi. Sassaucin kansa yana nan har yau, ta addu'a da ikirari da ziyarar ibada da ayyukan jinƙai, ba a sayarwa. Ɗan abin da ake bayarwa in an roƙi a yi Mas don mamaci baiko ne, dokarsu ma ta ce a yi wa matalauci ko bai ba da komai ba.

Kuma Mama tunda mun zo nan bari in faɗa ko da wasu za su ji haushi. Yau in kina neman inda ake cewa kawo kuɗi Allah ya buɗe maka hanya, shuka iri na dubu kaza ka ga mu'ujiza kafin ƙarshen wata, ba sai kin je Roma ba, kuma yawancin masu yin haka jikokin Luta suke kiran kansu.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni Musulmi ne amma ina bin zaurenka. Wannan gardama ta imani da aiki sai na ga kamar tamu ce ta da, ko akwai alaƙa? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, na gode da bibiya, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Kama kam akwai. Tun ƙarnonin farko na Musulunci Khawarijawa suka ce mai babban zunubi ya fita daga imani, Murji'a suka tafi ɗaya gefen suna jinkirta hukunci har wasunsu suka ce zunubi ba ya cutar da mai imani, Mu'utazilawa suka ajiye shi a matsayi tsakanin matsayi biyu, jumhurun Ahlus Sunna kuma suka tsaya a kan imani furuci ne da ƙudurcewa da aiki, yana ƙaruwa yana raguwa. Ga kuma hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim cewa ba wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Tambayar ɗaya ce, in rahama ce ke ceto to mene ne matsayin aiki, kuma duk addinin da ya yarda da hisabi sai ya ci karo da ita.

Sai dai kar kamar ta ruɗe mu. Katolika da Furotesta duk faɗansu a cikin gida ɗaya suke yi, dukansu sun yarda ɗan Adam ya gaji faɗuwa daga Adamu kuma mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa su ne tushen ceto, gardamarsu a kan yadda wannan ceton ke isa ga mutum ne. Musulunci kuwa bai yarda da gadon zunubi ba, kuma Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba a kashe Annabi Isa ba ba a gicciye shi ba. Wannan bambancin ya fi wancan girma nesa ba kusa ba, kuma gara a faɗe shi a fili cikin mutunci da a shafa masa mai.

Tambaya: Wai an ce Katolika da Furotesta sun shirya tun tuni, to me ya sa mu nan har yanzu ake ta wa'azin juna? Daga ɗalibi a Numan.

Amsa: Ɗana an shirya wani ɓangare, ba duka ba. Ranar 31 ga Oktoba 1999 a garin Ogsbag na Jamus, Cocin Katolika da Tarayyar Luteran ta Duniya suka sa hannu a wata sanarwa ta haɗin gwiwa, gundarinta shi ne ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceton Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah ke karɓar mu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda ke sabunta zuciya ya kira mu ga kyawawan ayyuka. Suka kuma ce tsinuwar da aka yi wa juna a ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar kowane ɓangare yadda aka bayyana ta a takardar ba. In ka tuna an zub da jini kan rabuwar nan, yaƙin shekara 30 kaɗai daga 1618 zuwa 1648 ya cinye miliyoyin rayuka a tsakiyar Turai, za ka san ba ƙaramin abu ba ne. Metodis na duniya suka shigo a 2006, tarayyar cocin Rifom masu bin Kalbin a 2017, Anglikan ma suka amince da abin da ke ciki. A 2016 Fafaroma Faransis ya je Lund a Suwidin aka yi addu'a tare da Luteran don buɗe tunawa da shekara 500 na gyaran ikilisiya.

Kai da ke Numan ma abin ya shafe ka kai tsaye, domin LCCN, cocin Luteran ta Najeriya, tana cikin wannan tarayyar ta Luteran, kuma Akbishop Musa Panti Filibus ne aka zaɓa shugabanta na duniya a 2017 a taron Windhoek na Namibiya, ya riƙe har 2023.

Dalilin da ya sa ba ka ji sauyi ba, na ɗaya da yawa daga cocin da suka cika arewa ba sa cikin masu sa hannun, ECWA da ta fito daga mishan ɗin SIM ba ta ciki, Baptis ba sa ciki, 'yan Fentikos ba sa ciki, ko a cikin Luteran ɗin ma akwai waɗanda suka ƙi, kamar na Misuri a Amurka da suka ce an rufe ɓaraka ne da kalmomi masu daɗi. Na biyu takardar ba ta taɓa ikon Fafaroma ba, ba ta warware furgatori ba, sakramenti bakwai ne ko biyu, roƙon tsarkaka, duk suna nan yadda suke, har yau ba a cin jibi tare. Sannan gaskiya takardun da ake sa wa hannu a Turai ba kasafai suke isowa ajin katikis ko makarantar Lahadi ba, abin da malami ya koya wurin malaminsa shi yake maimaitawa. A CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, dai tun 1976 ake zama tebur ɗaya, amma ba tauhidi ne ya haɗa su a can ba.

Masu tambaya kan Maryamu da carbin rosari, kun fi kowa yawa a akwatin, naku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.